Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Gingimari

Gingimarin nan Mercedes 911, wadda kamfanin ANAMMCO ya riƙa harhaɗawa a Inugu, ba ta mutuwa da sauƙi. Injinta na dizal ba ya bukatar fulogi. Matsar iskar da fistin ke yi ita ke haifar da zafin da ke kunna mai. Idan ringi ya cinye, sai iska ta sulale, mota ta ƙi tashi. A nan ne makanikan Zariya kan sauke injin, a faɗaɗa ramin silinda, a sa fistin mai ɗan kauri. Kayan gyara kuwa, akan farauto su a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, sau da yawa daga jikin wata motar da ta kwanta.