Lambun makaranta: Darasi ne ko horo?

A shekarar 2016 ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da ɗaliban firamare 'yan aji ɗaya zuwa uku, inda aka ware Naira 70 domin abincin kowane yaro a rana, sannan a watan Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Wannan ba shi ne karon farko ba. An yi gwajin irinsa a 2005 a jihohi 12 da Abuja, amma Jihar Osun ce kaɗai ta riƙe nata. Wato dai a ƙasar nan tukunyar makaranta tana hawa wuta ne idan kuɗi sun zo daga sama, ranar da suka tsaya kuma sai a sauke ta. To, mene ne makarantar kanta za ta iya yi da filin da ke bayan azuzuwanta, wanda a yawancin garuruwanmu ya zama makiyayar awaki ko juji?

Ba tambayar wasa ba ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Waɗannan yaran su ne yanzu suke zaune a azuzuwanmu, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kullum. Mai karatu ya dubi kwanon tuwon gidansa na daren jiya ya yi wa kansa lissafi.

Mu da muka yi firamare bayan an ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na 1976 mun san gonar makaranta, kuma ba na jin akwai da yawa cikinmu da ke tuna ta da daɗi. A makarantarmu, wanda ya makara ko ya yi surutu a aji shi ake miƙa wa fartanya. Gyaɗar da muka shuka, muka yi mata noma da maimai, ba mu taɓa sanin inda ta shiga ba bayan an cire. Babu malamin da ya taɓa tsayawa ya nuna mana dalilin barin tazara tsakanin shuka da shuka. Abin da yaro ya fita da shi daga wannan gona shi ne cewa noma hukunci ne na marar ji, kuma amfaninsa na wani ne. Daga baya, da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, ilimin aikin gona ya samu gurbi a ƙaramar sakandare, sai dai a makarantu da dama ya ƙare a kan allo, ana zana garma da alli ga 'ya'yan manoma.

Akwai kuma wata matsala da ban cika jin masu tsara manhaja suna ambatawa ba, ita ce ta kalanda. Dogon hutu yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai tsakiyar damina, lokacin da gona ta fi bukatar hannu. Duk abin da aka shuka a watan Yuni, kafin a dawo ciyawa ta cinye shi ko dabbobi sun gama da shi. Saboda haka a ganina makarantar Arewa lambun rani ya kamata ta yi, ƙarami, wanda za a fara da komawa zango na ɗaya. Sanyin hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin da karas da latas da kabeji da tumatir da albasa suka fi yin kyau, kamar yadda manoman Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga suka sani tun tuni, kuma a wannan lokaci yara suna makaranta. Alayyafo kuwa cikin wata guda ake fara yankansa, don haka yaro zai ga abin da ya shuka ya shiga miya kafin jarrabawa.

Lambun rani yana cin ruwa, a nan ne gizo ke saƙa. Makarantar da ba ta da rijiya ko famfon burtsatse kada ta ɗora wa yara jidar ruwa daga nesa, domin an koma gidan jiya ke nan, horo da wani suna. Amma inda akwai famfo, ruwan da ke malala a gindinsa da na wurin alwala, idan aka yi masa 'yar magudana, ya isa ya raya fangali biyar ko shida. Shinge kuma a yi shi da rassan zogale, waɗanda ke kamawa idan an kafa su, a haɗa da ƙaya kafin su yi ƙarfi, tun da akuya ba ta raina zogale. Maganin ƙwari na kanti bai dace da hannun yara ba. Toka da jiƙon 'ya'yan darbejiya sun wadatar a ɗan wuri irin wannan.

Inda lambun ya fi tsada a wurina shi ne a matsayinsa na aji. Yaron da ya auna fangali mai tsawon mita biyar da faɗin mita ɗaya, ya ƙirga tushe nawa zai ɗauka idan aka bar tazarar santimita 20, ya yi darasin lissafi da hannunsa. Wanda ya tumɓuke wake ya ga 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa, aka gaya masa cewa a cikinsu ne ƙwayoyin halitta ke tara sinadarin da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, ya fahimci dalilin da ya sa kakansa ke haɗa gero da wake a kunya ɗaya. Idan kowane rukuni na da littafin da yake rubuta ranar shuka da ranar tsiro da nauyin abin da aka yanka, ga rubutu ga awo an samu. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana nan a Zariya, kwalejojin ilimi kuma suna yaye malaman aikin gona duk shekara. Ban ga abin da zai hana hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi su haɗa waɗannan ɓangarori da makarantu ba.

Sai dai kada mu yaudari kanmu da cewa lambu kaɗai zai canza cimar yaro. Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya, mai hedikwata a Taiwan, ta gwada lambunan makaranta a Burkina Faso da Nepal, ta gano cewa sanin yara game da abinci ya ƙaru, amma abin da suke ci bai canza sosai ba. Dalilin a fili yake: ba yaro ne ke cefane ba, ba shi ne ke girki ba. Da aka sake gwajin a Nepal aka haɗa da iyaye, aka ba su iri suka yi nasu lambun a gida, sai cin ganyen ya ƙaru. Mu nan muna da sauƙi, domin kwaɗon zogale da na rama, da miyar yakuwa da ta lalo, ba baƙin abinci ba ne da za a koya wa iyaye mata. Abin da ya rage shi ne kowane yaro ya koma gida da damin alayyafo da ɗan ƙullin iri, kwamitin kula da makaranta kuma, wanda iyaye ke ciki, ya zama shi ne mai riƙe da lissafin abin da aka girba, ya kuma sanya wanda zai riƙa ban ruwa a hutun Disamba.