Koyar da labarin ƙasa da hausa: kalmomi da hanyoyin farko

Mu ba masana labarin ƙasa ba ne. Aikinmu nazarin harshe. Amma duk wanda ya taɓa juya darasin géographie daga faransanci zuwa hausa ya san inda ake fara tuntuɓe, wato kalmar ƙasa kanta. Abin da faransanci ya raba sol, terre, pays da territoire, hausa ta tara shi cikin kalma guda, har ma da ƙasa kishiyar sama. Saboda haka darasin farko bai kamata ya wuce ba sai ɗalibi ya bambance ƙasar da ake nomawa da ƙasar da ke da iyaka da tuta.

Tambayoyin wannan ilimi uku ne: ina abu yake, yaya ya bazu, kuma don me ya kasance a nan ba can ba.

Ta farko ba ta da wuya. Ɗalibi ya zo da gabas, yamma, arewa da kudu (ko gusum, a bakin mutanen yamma) tun daga gida. Abin da za a ƙara masa shi ne layukan da aka ƙaddara bisa duniya: Maraɗi tana wajen digiri 13 da rabi arewa da layin ekwata, digiri 7 gabas da layin Girinic, kuma kowane digiri daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne.

Ma'aunin taswira, échelle, ya fi cin lokaci. A taswira mai 1/200 000, santimita 1 yana madadin kilomita 2. Tsakanin Maraɗi da Damagaram, a miƙe, kilomita 200 ne da ƴan kai, ke nan kimanin mita 1 bisa takarda. A nan muna jan hankalin mai fassara: grande échelle taswira ce ta ƙaramin wuri da aka nuna dalla-dalla, kamar ta unguwa guda. Wanda ya ce «babban ma'auni» ya yi shiru, masu sauraro za su fahimci akasin abin da ake nufi.

Tambaya ta uku ita ce zuciyar aikin, kuma a nan hausa ba matalauciya ba ce. Manomin Maraɗi ya san jigawa, ƙasa mai yashi da saukin noma. Ya san geza mai tauri. Ya san fadama mai laka da danshi. Wannan rabo ya riga kowane littafi, kuma da shi ake gane dalilin da ya sa gero ya fi yawa a tudu, lambu a kwari. Sai dai kada a ɗora kalma bisa kalma da gaggawa. Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga Nijeriya, da damina yake gudu, da rani sai yashi. In an fassara gulbi da fleuve, mai karatun faransanci zai zana a ransa kogi irin na Yamai.

Mu ɗauki misali guda inda layin taswira ya shiga rayuwar mutane. Isohyète layi ne mai haɗa wuraren da ruwan samansu na shekara ya zo daidai; mun zaɓi kiransa layin daidaiton ruwa. A 1961 dokar Nijar ta kafa iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga makiyaya. Bayan farin 1973 da na 1984 layukan ruwa sun ja baya zuwa kudu, gonaki kuwa sun ci gaba da hawa arewa saboda yawan jama'a. Ɗalibin da zai fahimci rikicin manoma da makiyaya a Dakoro ko Tanut sai ya ɗora taswirori uku bisa juna: ta ruwa, ta doka da ta gonaki. Kafin nan kuma sai ya taka wurin da ƙafarsa, ya tambayi masu wurin sunan da suke ba kowace ƙasa, ya rubuta shi yadda suka faɗa.