Shehun Malamin Dimokuraɗiyya da Yatsan Manomin Batsari

Ɗalibai da yawa kan ɗauka cewa kimiyya ta tsaya ne a ɗakin gwaje-gwaje, siyasa kuwa ta 'yan jam'iyya ce da masu ganga. Saboda haka sukan yi mamaki idan suka ji jami'a tana neman shehun malami, wato farfesa, wanda fanninsa shi ne nazarin dimokuraɗiyya. Me irin wannan malami yake bincike a kai? Wane amfani kuma zai yi wa manomin Batsari ko makiyayin Safana?

Da farko, kujerar farfesa ba da yawan shekaru ko iya magana ake samun ta ba. Jami'a kan tattara littattafai da maƙalun da mai nema ya wallafa, ta aika wa masana na wasu jami'o'i, galibi uku, su auna su a asirce. Abin da suke dubawa shi ne ko ya gano wani sabon abu, da kuma ko hujjarsa za ta tsaya idan wani ya sake bin sawunta. Wannan ma'auni ɗaya ne ga mai nazarin sauro da mai nazarin zaɓe.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Farfesa Attahiru Jega, masanin kimiyyar siyasa a Jami'ar Bayero ta Kano. A shekarar 2000 aka buɗe cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Gidan Mambayya a tsohon gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, shi ne kuma ya fara riƙe ta. Ya shugabanci jami'ar daga 2005, sannan a watan Yunin 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya ɗauko shi ya ba shi shugabancin hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, inda ya yi shekara 5.

Tambayar da hukumar ta fara tunkara irin ta mai bincike ce: mutum nawa ne masu zaɓe, kuma yaya za a tabbatar kowa sau ɗaya aka ƙirga shi? Amsar ta fito ne daga ilmin halittu. Zanen da ke kan yatsa yakan fara fitowa tun jariri yana wata na uku a ciki, ya kammala kafin haihuwa. Ba gado kaɗai ke tsara shi ba. Yadda fatar ta girma a mahaifa ma yana da hannu, shi ya sa ko tagwaye masu kama ɗaya zanensu ya bambanta. A rajistar 2011 an ɗauki zanen yatsun mutum kimanin miliyan 73.5. Da kwamfuta ta gwama su, sai aka gano fiye da miliyan 4 rajista ce ta maimaici, aka soke. Bayan ƙarin tacewa da shigar da sababbi, da mutum miliyan 68.8 aka shiga zaɓen 2015.

A zaɓen ne, ranar 28 ga Maris, aka yi amfani da na'urar karanta katin zaɓe a faɗin ƙasa. Sai an gwada akan san na ƙwarai: a rumfuna da dama na'urar ta karanta kati amma ta kasa gane yatsan mai shi. Shi kansa shugaban ƙasa ta ba shi wahala a mazaɓarsa ta Otuoke, har aka koma tantancewa da takarda. Na'urar BVAS da aka yi babban zaɓen 2023 da ita tana duba fuska idan yatsa ya ƙi.

A nan ne zancen ya iso yammacin Katsina. Batsari da Safana, tare da Ɗanmusa, mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kuma akasarin mutanenta manoma ne da makiyaya. Riƙon fartanya da sussuka da surfe suna goge zanen yatsa. Idan gogewar a saman fata ta tsaya, zanen yakan dawo bayan hutu. Tabo mai zurfi kuwa ba ya ɓacewa. Bushewar fata ma tana rage wa na'ura gani, ga shi kuma an yi manyan zaɓuɓɓukan 2019 da 2023 a watannin Fabrairu da Maris, bayan hunturu ya gama busar da hannu. Ke nan wanda ya fi kowa wahalar noma shi ne ya fi fuskantar haɗarin na'ura ta ce ba ta san shi ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan nauyi. Ƙananan hukumomin biyu suna bakin dajin Rugu, inda hare-haren 'yan bindiga suka raba mutane da yawa da ƙauyukansu. Katin zaɓe kuwa a ɗaure yake da rumfar da aka yi wa mutum rajista. A 2015 hukumar ta buɗe wa 'yan gudun hijira cibiyoyin zaɓe a Borno da Yobe da Adamawa. To, amma wanda ya bar ƙauyensa ya raɓe a gidan ɗan'uwansa a cikin garin Batsari ko Katsina ba ya cikin sansani, ƙirga shi ma aiki ne.

Waɗannan tambayoyi ne da ake amsawa da awo. A cikin kowane mutum 100 da suka zo rumfa, nawa ne yatsansu ya ƙi? Adadin ya bambanta tsakanin manoma da ma'aikata, ko tsakanin matasa da tsofaffi? Masu kati nawa ne suka kasa isa rumfarsu? Aikin yana bukatar masanin siyasa da masanin halittu da masanin ƙididdiga, su haɗa kai. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, maƙwabciyar Safana ce, haka nan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina. Duk wadda ta tashi ɗaukar shehun malami a wannan fanni, ya kamata ta tambaye shi ko zai shiga karkara ya ƙirga.

Ɗalibai ma suna iya farawa tun yanzu. Da tawada da farar takarda, aji guda zai iya ɗaukar zanen yatsun 'yan ajin da suka yarda a ƙarshen damina, ya sake ɗauka a tsakiyar rani, ya gwama na masu zuwa gona da na waɗanda ba sa zuwa. Malami sai ya tabbatar an ƙone takardun bayan darasi, domin zanen yatsa sirrin mai shi ne. Daga irin wannan ƙaramin awo ne ake fara koyon kare ƙuri'ar talaka.