Kaza ba ta san an ɗage biki ba



Yau maganar inbos za mu yi. Duk wanda ya fara ɗora hoton kajinsa ko bidiyon tankin kifinsa a Facebook ko TikTok, ba za a daɗe ba zai fara samun irin waɗannan saƙonnin: "Malam, za ka iya rena min kaji 200 zuwa ranar kaza?" Ko kuma, "Ina son keji irin naka, amma mai hawa uku." Ko, "A yi min bandar tarwaɗa, ƙanana, zan aika Abuja."

Wannan shi ake kira oda ta musamman. Abu ne da babu shi a hannunka, sai ka yi shi saboda mutum ɗaya, a kan yadda yake so. Akwai riba mai kyau a ciki, domin ka samu mai saye tun kafin ka zuba jari. Amma a nan ne kuma sababbin shiga suka fi karyewa. Ni ma na taɓa faɗawa, bari in ba ku labarin.

Shekarar da na dawo daga bautar ƙasa, wata Hajiya ta ga bidiyon kajina ta yi min magana. Za ta aurar da 'yarta, tana son buroila 200. Muka yi waya, muka yi ciniki da baki. Na nemi kafin alƙalami, ta ce, "Haba ɗana, ni da kai? Ka fara kawai, kuɗinka na nan." Kunya ta kama ni na ce, "To Hajiya, ba komai."

Na sayi 'yan tsaki da kuɗina, na yi kwanan zaune a makon farko ina duba zafin ɗaki, na yi rigakafi a kan lokaci. Kaji suka yi kyau. Ana saura kwana biyar, sai ga saƙon murya: an ɗage biki da mako uku, ango bai gama haɗa lefe ba.

Ku yi lissafin tare da ni. Buroila da ta kai mako bakwai tana cin tsakanin giram 170 zuwa 200 a rana. Kaji 200 ke nan suna cinye kusan buhu ɗaya da rabi mai kilo 25 kullum. A mako uku za su ci fiye da buhu 30, wato kusan abin da suka ci tun daga ranar da aka kawo su har suka girma. Ga shi lokacin zafi ne, watan Afrilu, kaji masu nauyi suna haki suna faɗuwa. Na jira kwana tara, na rasa 17, na kwashe sauran na kai wa 'yan kasuwa. Su kuma da sun ga idonka sun san a matse kake, farashin da suka ga dama suke sawa.

Hajiya ba ta yi niyyar cuta ta ba. Laifina ne. Na ɗauki alƙawari mai cin abinci kullum, ba kuɗi, ba rubutu. Tela zai iya rataye ɗinki ya jira mai shi wata biyu, ɗinkin ba zai ci masara ba. Mu namu kayan yana da rai. Ga abin da na koya tun daga lokacin.

1. Tambaya kafin farashi

Saƙon farko kusan kullum shi ne, "Nawa ne?" Kada ka yi saurin faɗin kuɗi. Ka fara sanin me ake so.

Idan kaji ne: guda nawa, kilo nawa kowace, masu rai ko figaggu? Wannan tambayar ta ƙarshe tana hana rigima sosai. Kaza mai kilo 2 da rai, idan an yanka an fige an cire kayan ciki, takan dawo wajen kilo 1.4 zuwa 1.5. Kai kana nufin nauyin mai rai, shi yana nufin nauyin nama, ranar karɓa sai a hau musu a gaban sikeli.

Idan banda ce: kilon ɗanye ake nufi ko busasshe? Sai ka sa kilo 3 zuwa 4 na ɗanyar tarwaɗa kafin ka samu kilo 1 na busasshiya. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka ka cuce shi.

Idan keji ne: tsawo, faɗi, hawa nawa, kaji nawa zai ɗauka, ƙarfe ko katako, a tsakar gida zai zauna ko a ɗaki? Ka kuma tambayi faɗin ƙofar gidan. Kada ku yi dariya. Na ga keji da mai walda ya gama tsaf, aka kai shi, ya ƙi wuce zaure, sai da aka yanka shi biyu.

Ka nemi hoto ko bidiyon wurin. Gani ya kori ji.

2. Ka ƙirga kwanaki daga baya

Ka fara daga ranar da ake son kayan, ka dinga dawowa baya. Buroila na buƙatar mako shida zuwa bakwai. Kafin nan akwai jiran 'yan tsaki, domin yawancinsu daga wajen Ibadan ake kawo su, kuma akwai ranakun ƙyanƙyasa, ba kullum ake samu ba. Kafin nan ma akwai wanke ɗaki da feshi da barinsa ya huta. Wanda ya zo maka saura wata ɗaya biki yana son kaji masu kilo 2 daga 'yan kwana ɗaya, ka gaya masa gaskiya: ba zai yiwu ba.

Gab da Sallah abin ya fi tsanani, kowa na rububin 'yan tsaki a lokaci guda, farashi ya tashi. Ka tuna kuma Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, kada ka yi aiki da kalandar bara.

Tarwaɗa kuwa, kafin ta kai kilo 1 sai ta ɗauki wata biyar zuwa shida da abinci mai kyau, kuma ba sa girma tare. Wasu za su yi gaba, wasu su tsaya, manya su cinye ƙanana idan ba ka tace su. Don haka kada ka yi alƙawarin "kowane kilo ɗaya cif". Ka ce daga kaza zuwa kaza.

Sannan ka sa rara. Kwali ɗaya 'yan tsaki 50 ne. Idan odar 200 ce, kwali huɗu bai isa ba, domin ko ka iya kiwo sai an samu mace-mace. Ka ƙara ko da 20. Idan Allah ya tsare, rarar taka ce, ka sayar.

3. Farashi yana da wa'adi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mun ga yadda kuɗin abincin kaji, masara, waken suya da kuɗin mota suke motsi. Farashin da ka faɗa yau zai iya zama asara nan da mako biyu. Ni dai duk farashin da na bayar ina rubutawa a ƙasansa: "Wannan farashin na kwana uku ne."

Wajen lissafi kada ka tsaya a 'yan tsaki da abinci. Ka sa magani da rigakafi, gawayi ko gas na ɗumama, dusar katako, ruwa, kuɗin yaron da ke taya ka, kuɗin figa, leda, ƙanƙara, mota. Ka sa ladan wahalarka. Da yawanmu muna mantawa da kanmu, sai a ƙarshe mu ce mun ci riba alhali aikin banza muka yi na wata biyu.

4. Ba kafin alƙalami, ba aiki

Wannan dokar ba ta da ɗan uwa, ba ta da "ni da kai". Ni ina karɓar abin da zai biya 'yan tsaki da mafi yawan abinci, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100. A keji ko tankin tamfol, kuɗin kayan aiki gaba ɗaya. Ragowar kuma kafin kaya su bar gona.

Idan kana jin nauyin faɗa, ka ce, "Alhaji, da kuɗin nan zan sayi abincin yau, don kada ƙarin farashi ya shafe ka." Gaskiya ce kuma. Da kuɗin ya shigo, je ka sayi abincin ka ajiye, ka tura masa hoton rasit.

Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne ka ɗauki kuɗin odar wani ka toshe wata ɓaraka. Yau ka ci na Alhaji ka biya bashin mai abinci, gobe ka jira kuɗin wani ka yi aikin Alhaji. Haka mutane suke wayar gari an ɗora hotonsu ana kiransu ɗan damfara, alhali ba da niyyar cuta suka fara ba. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kuma kada ka yarda da hoton alat. Alat na bogi ya yi yawa. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin ya zauna, sannan ka motsa.

5. Komai ya koma saƙo ɗaya

Ciniki yakan warwatse: rabi a kwament, rabi a waya, rabi a saƙon murya. Bayan kun gama, ka tattara komai a rubuce ka tura. Ga irin nawa:

"Salam Hajiya. Ga abin da muka tsayar: buroila 200, masu rai, kowace daga kilo 1.8 zuwa sama. Ranar karɓa kaza ga wata, a gona, kuɗin mota naki ne. Jimilla kaza, kin ba da kaza, saura kaza kafin a loda. Idan an wuce ranar da kwana biyu, kuɗin abincin kowace rana yana kanki. Idan an kai kwana biyar ba a ɗauka ba, zan sayar, in cire abin da na kashe, in dawo miki da ragowar. Idan ni na kasa cikawa, zan cike miki daga wata gona ko in dawo da kuɗin abin da ya rage. Idan kin amince ki rubuta 'Na amince'."

Idan mutum bai iya karatu sosai ba, karanta masa a saƙon murya, shi ma ya amsa da murya. Wannan ba rashin yarda ba ne. Mutum mai mantuwa ne, kai ma haka.

Masu amfani da WhatsApp Business, akwai alamomin da ake liƙa wa kowace hira. Ni nawa huɗu ne: mai tambaya, ya biya kafin alƙalami, ana kan aiki, an gama. Akwai kuma wurin ajiye amsoshi na nan take, ka zuba tambayoyinka na farko a ciki, ka huta da sake rubutawa. Duk da haka ka riƙe littafi. Waya tana faɗawa ruwa, musamman ga mu masu kifi.

6. Canji yana da kuɗinsa

"Malam, a ƙara hawa ɗaya." "A mayar da su 250." "A fige min kawai, na fasa masu rai." Duk canjin da ya zo bayan an fara aiki, sabon ciniki ne. Ka faɗi ƙarin kuɗi da ƙarin kwanaki a take, ka sake tura saƙo a rubuce. Idan ka yi shiru don kunya, daga aljihunka za a biya.

Kai ma ka dinga ba da labari tun ba a tambaye ka ba. Bidiyo ɗaya a mako ya isa: ga kajinki a mako na uku, ga nauyinsu. Idan kuma matsala ta faru, cuta ta shiga ko an yi asara, ka faɗa a ranar. Mai oda zai iya haƙuri da mummunan labari idan ya zo da wuri, ya samu lokacin neman mafita. Abin da ba ya yafewa shi ne ka kashe waya ana gobe biki.

7. Ka iya cewa a'a

Ba kowace oda ce taka ba. Ɗakinka na kaji 300 ne, an ce 1,000, kada kwaɗayi ya sa ka cusa su, cunkoso da zafi za su kashe maka su. Ba ka taɓa haɗa injin ƙyanƙyasa ba, kada ka koya da kuɗin mutane. Ko ka iya ma, kada ka yi alƙawarin ƙwai nawa zai fashe. Naka shi ne injin ya riƙe zafi wajen digiri 37.5 da danshi daidai, na kwana 21 ga ƙwan kaza, 26 zuwa 28 ga na zabo. Ingancin ƙwan da tsayuwar wuta suna hannun mai shi.

Haka wanda ya ƙi ba da kafin alƙalami, ko yake ta gaggawa yana cewa a loda kaya kuɗi na hanya, ka ba shi haƙuri cikin mutunci. Idan ka san wani amintacce da zai iya aikin, haɗa su. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ni yanzu ba na riƙe oda ta musamman fiye da uku a lokaci guda. Idan sun cika, ina rubutawa a shafi cewa an rufe sai wata mai zuwa. Abin mamaki, tun da na fara haka mutane suka fi ɗaukata da muhimmanci.

Hajiyar nan kuwa ta dawo bayan shekara, za ta yi walimar sauka. Na tura mata saƙon nan na sama, da lambar asusu. Ta kira ni tana dariya ta ce, "Ɗana, ka yi wayo yanzu." Na ce, "Hajiya, ke kika koya min." Ta biya a ranar, ta karɓi kajinta a ranar da muka tsayar.

Wa ya taɓa karɓar oda ta ba shi wahala? Ku ba mu labari a kwament, ba tare da kama sunan kowa ba, don na baya su ɗauki darasi. Wanda kuma yake son saƙon yarjejeniyar nan, ya kwafa ya gyara daidai da sana'arsa, halal ne.

Allah ya tsare mana dabbobinmu, ya sa albarka a nema.