Enugu, Garin Kwal

Enugu babban birni ne a ƙasar Ibo, a kudu maso gabashin Nijeriya. Yana gindin duwatsun Udi, kuma sunansa da harshen Ibo yana nufin "kan tudu". Matafiyin da ya taso daga Arewa yakan ƙetare kogin Binuwai a Makurɗi, wato kogin nan da ya ratsa Garwa a ƙasar Kamaru, sa'an nan ya miƙa kudu. Lokacin hunturu ya fi daɗin ziyara, domin zafi yana sassautawa, a kan tuddai kuwa har akan ji sanyi da safe.

Kwal ne ya kafa garin. Turawan Ingila sun gano shi a yankin Udi a 1909. A 1916 aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga nan zuwa Fatakwal, mai tsawon kimanin kilomita 240, don kai shi bakin teku. Da wannan kwal jiragen ƙasa suke tafiya a wancan zamani. Leburori suka yi ta zuwa daga ƙauyuka, Hausawa kuma suka zo da fataucin shanu. Wani ɗan Arewa ma, Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Enugu na farko da aka zaɓa, cikin shekarun 1950.

Baƙo zai iya karanta wannan tarihi a unguwanni. Coal Camp ita ce unguwar da aka gina wa ma'aikatan haƙa, kusa da babbar kasuwar Ogbete. A Kwarin Iva kuwa, ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 da ke yajin aiki. Wannan kisa ya ƙara wa masu neman 'yancin kai ƙarfi a duk faɗin ƙasar. Mai son ganin garin daga sama sai ya hau tudun Milliken, inda hanya take lanƙwashe-lanƙwashe.

Da aka sami man fetur, jiragen ƙasa suka koma amfani da dizal, sai kasuwar kwal ta faɗi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ƙara durƙusar da aikin. Yau manyan ramukan nan a rufe suke, mutane sun dogara ga aikin gwamnati da ciniki da makarantu. Duk da haka, har yanzu ana yi wa Enugu laƙabi da garin kwal.