Kitsen ragon Layya: abin da man abinci ke yi a jikin tunkiya

Watanni biyu zuwa uku kafin Babbar Sallah, gidaje da dama a zangon Salaga da Yendi sukan ɗaure rago a turke. A Bawku kuma, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, manyan raguna masu dogayen ƙafafu ne ke shigowa daga Sahel, su haɗu da gajerun tumakin yankin da ake kira Jalonke. Burin kowa rago ya yi ƙiba, shi ya sa ake haɗa masa dusa da harawa, wasu su ƙara angurya ko ƙuli-ƙuli saboda man da ke cikinsu.

Sai dai cikin tunkiya ba irin na kaza ba ne. Kaza idan ta ci abinci mai man gyaɗa, kitsenta yakan ɗauko yanayin man, ya yi laushi. A wajen tunkiya, man yana fara sauka a tumbi ne, inda ƙwayoyin halitta masu narkar da ciyawa ke sauya mafi yawansa zuwa kitse mai tauri, musamman sinadarin stiyarik, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 69. Yawan wannan sinadari ne ke sa romon rago ya yi saurin daskarewa a kwano, ya kuma manne a dasashi. A farkon shekarun 1970, masu bincike na hukumar CSIRO a Ostireliya sun lulluɓe mai da furotin don ya tsallake tumbi, sai kitsen dabbobin ya cika da mai mai laushi. Wannan ya nuna cewa tumbi ne ke yanke hukunci.

Akwai wani abu kuma. Tunkiya tana ƙera kitsenta da kanta, a cikin ƙwayoyin kitsen, daga sinadarin asetet da tumbi ke samarwa bayan ya narkar da ciyawa. Idan aka ba ta mai da yawa, ƙwayoyin sukan rage wannan aiki su riƙa ajiye wanda ya zo musu a shirye. A jikin babban rago yawanci kumbura suke yi, kuma kitsen ciki, na ƙoda da na hanji, shi ke riga taruwa. Wanda ke ratsa tsoka ya sa nama taushi sai daga baya.

Nan ne asarar mai kiwo take. Mai ya ninka hatsi fiye da sau biyu wajen ba da ƙarfi, amma idan ya haura kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na busasshen abinci, yana danne ƙwayoyin tumbi, harawar da aka saya da tsada ta fita ba ta narke sosai ba, ragon ma ya rage ci. Angurya tana ɗauke da mai kusan kashi 20 cikin ɗari. Ragon da ke cin kilo ɗaya a rana, giram 200 na angurya sun ba shi giram 40 na mai. A haɗa da wanda ke cikin dusa da harawa, ya riga ya kai iyaka.

Angurya tana da gubar gosifol, mai illa ga 'yan raguna ƙanana da maniyyin ragon barbara, don haka wanda aka ajiye don iri gara a taƙaita masa ita. Ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna kuwa a zubar, gubarsa na lalata hanta.