Sandar da ke hana mota karkata a kwana: yadda ake ɗaura ta a Peugeot 504 Coupé

Daga Maradi zuwa Damagaram, babu wanda za a yi wa bayanin Peugeot 504, motar da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ta kuma sha ɗaukar fasinja da kaya a kan hanyoyinmu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tana da ƴar uwa ta tsere da ƙawa mai ƙofa biyu, wato 504 Coupé. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, aka nuna ta a baje kolin motoci na Geneva a 1969, aka ci gaba da ƙera ta har 1983. A 1978 direban Faransa Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya da gasar Bandama ta Kodibuwa da samfurinta mai injin V6.

Masu farfaɗo da irin waɗannan tsofaffin motoci suna ba wani ƙarfe muhimmanci, wanda direbobi da yawa ba su ma san yana ƙarƙashin motarsu ba. Makanikanmu suna kiransa bar sitabilizatiris, wato sandar hana karkata. Tana nan a gaba da bayan 504 Coupé, kuma yawancin motocin da ke yawo a Yamai a yau suna da irinta.

Yadda take aiki

Sanda ce ta ƙarfe mai komawa yadda take bayan an murɗa ta, an lanƙwasa bakunanta biyu kamar harafin U. Tsakiyarta tana manne da ƙasan mota ta hanyar robobi biyu da ake kira silanbulok, kowane baki kuma yana haɗe da ƙafar taya ta wani ɗan ƙarfe, biyalet. Idan tayoyin biyu suka hau tudu lokaci guda, sandar tana juyawa cikin robobinta kawai, ba ta hana komai. Amma a kwana, nauyi yana komawa gefen waje, taya ɗaya ta danne, ɗaya ta saki. Nan ne sandar take murɗewa, ta yi turjiya, ta rage kwanciyar da motar take yi.

Ƙarfinta yana cikin kaurinta. Idan aka canza sanda mai milimita 20 da mai milimita 22, taurinta yana ƙaruwa da kusan kashi 46 cikin 100, duk da ido ba ya ganin wani bambanci. Wannan ya sa ba a sa kowace sanda da aka tsinta a kasuwar tsofaffin kaya. Idan ta gaba ta yi tauri da yawa, gaban mota zai ƙi bin kwana, ya nemi miƙewa. Idan ta baya ce ta fi ƙarfi, bayan motar ne zai zame ya juya, kuma wannan ya fi wuyar shawo kai ga direban da bai saba ba.

Motar MGB ta Ingila ta nuna illar raina wannan ƙarfe. A ƙarshen 1974 an ɗaga tsayinta don bin dokokin Amurka, aka kuma cire sandar gaba daga samfurin buɗaɗɗen rufi. Motar ta riƙa kwanciya sosai a kwana, har sai da kamfanin ya mayar da sandar a samfurin 1977, ya ƙara wata a baya.

Yadda ake ɗaura ta

Da farko a duba sandar kanta. A kwantar da ita a kan shimfiɗaɗɗen siminti: idan baki ɗaya ya taɓa ƙasa ɗaya yana sama, ta lanƙwashe. Wadda ta tsage, ko tsatsa ta cinye ta a wurin robobi, sai canji. Ba a yi mata walda, ba a kuma gasa ta da wuta don a miƙe ta, domin zafi yana kashe ƙarfinta.

Na biyu, a sa sabbin robobi daidai da kaurin sandar. Kada a shafa musu baƙin mai ko giris na yau da kullum, saboda yana lalata roba. Ruwan sabulu ko giris na silikon ya wadatar.

Na uku, a rataya sandar, a ɗaura notuna da hannu ba tare da an tamke ba. A sa awo a tabbatar tazarar hagu da ta dama ɗaya ce, don sandar ta zauna a tsakiya.

Na huɗu shi ne inda aka fi yin kuskure. Ba a tamke notuna mota tana rataye a kan jak, tayoyi suna lilo. Sai an sauke ta a kan rami ko gada mai shimfiɗe, iskar tayoyi daidai, an girgiza ta kaɗan ta zauna da nauyinta. Robar da aka tamke a sama tana zama a murɗe da zarar mota ta sauka, kuma ba ta daɗewa take yagewa.

Na biyar, biyalet biyu su kasance tsayi ɗaya, kowane ya shiga raminsa ba tare da an danna sandar da ƙarfi ba. Idan sai an tilasta wa ɗaya, to sandar tana murɗe tun mota tana tsaye. Taya ɗaya za ta ɗauki nauyi fiye da ƴar uwarta, motar ta bi kwanar dama da wani hali, ta hagu da wani. Masu shirya motar tsere har nauyi daidai da na direba suke ɗorawa a kujera kafin su daidaita tsayin biyalet.

Daga nan sai a tamke da kile mai auna ƙarfi, bisa adadin da littafin motar ya faɗa. A juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu, a tabbatar sandar ba ta gogar taya ko tiyon birki.

Shin sai an sake daidaita tayoyi?

A motocin da sandar take haɗe da biyalet kawai, canza ta ba ya taɓa saitin tayoyi. Amma a wasu tsofaffi kamar Ford Capri, sandar ce take riƙe da ƙafar taya a mazauninta, don haka duk wanda ya kwance ta dole ya kai motar a duba mata saiti. Haka nan idan an taɓa ƙarafunan sitiyari yayin aikin.

Ƙarar ƙwas-ƙwas a kan hanya mai gargada sau da yawa daga robobi ko biyalet take fitowa, kuma su ne mafi araha a cikin kayan ƙafar mota. Cire sandar gaba ɗaya yana kashe ƙarar, amma yana barin mota tana kwanciya ranar da direba zai kauce wa jaki ko amalanke da gudu, musamman idan akwai kaya a kan rufi. Duk wanda makanike ya ba shi wannan shawara, ya nemi a canza masa robobin, a mayar da sandar wurinta.